Takalmi Mai Shuɗin Kai

Na san wasunku sun riga sun yanke min hukunci. Wata ma ta rubuto cewa da ita ce yayata da tuni ta ɗauke ni da mari. Ban ji haushi ba, 'yar'uwa, don ni ma na mari kaina a zuci ya fi a ƙirga. Amma ku bari in ba ku labarin ranar Lahadin nan tukuna, sai ku haɗa ku zage ni gaba ɗaya.

Ga wanda yau ya fara leƙowa shafin nan nawa: sunana Chinatsu. Aurena ya mutu tun 'yata Nazuna tana goye, na kwaso kayana na dawo gidan iyayena, saman shagon awarar Baba, a tsohuwar unguwarmu da ke gabashin Tokyo. A watan Afrilu Nazuna za ta shiga firamare. Shi kuwa wanda nake so, Shuhei, malami ne a firamaren unguwarmu, wadda kowa ke kira Tsohuwa.

A zamaninmu inda gidanku yake nan ce makarantarki, ba tambaya ba shawara. Tun da gundumarmu ta ba iyaye damar zaɓar duk makarantar gwamnatin da suke so, ko da ba ta shiyyarsu ba ce, sai kowa ya kwasa zuwa Sabuwa, can tsallaken kogi tsakanin dogayen benaye. Masu nema suna yawa har sai an yi ƙuri'a. Tsohuwa kuwa kullum ramewa take. Bana an ce idan 'yan aji ɗaya suka sake raguwa, to rufe ta za a yi. Shuhei ya bi gidajen unguwar nan ɗaya bayan ɗaya yana roƙon iyaye, har tafin takalminsa ya cinye ta gefe ɗaya. A wajen wannan yawon ne ma ya fara shigowa shagonmu. Lokacin "Maman Nazuna" yake ce min, kamar yadda malamai ke kiran kowace uwa. Ranar da ya fara cewa "Chinatsu", a bakin kogi ne, kuma kunnuwansa sun yi ja har sai da na tausaya masa.

Na yi masa alkawari. Da bakina, ba wanda ya tilasta min. Ranar wasannin makarantarsu ne, yara suka yi kaɗan har sai da kakanni suka shiga tseren miƙa sanda don a cika layi. Ya zo yana haki, usur na lilo a wuyansa, na miƙa masa shayi na ce, "Kwantar da hankalinka, Nazuna taka ce." Ya rusuna min har sau biyu a gaban mutane.

Abin da bai sani ba shi ne a ranar ce zuciyata ta fara juyawa. Ina zaune a tabarma ina jin matan da muka yi aji ɗaya da su suna ƙus-ƙus a bayana: "Ai 'yar dawo-gida ce ta kama Malam." Sai na hango Nazuna tana zaman shekara shida cur a cikin 'ya'yansu, kowa ya san ubanta ya tafi, kowa ya san dalili.

Inna ta samu ƙofa kuwa. Ta kafe kai da fata sai mun je ganin Sabuwa. Ɗakin karatu na gilashi, wurin ninkaya a saman rufi, yara cike da fili kamar an zubo su daga buhu, kuma ba wanda ya san sunana. Da muka dawo, muna ninke wanki, ta ce, "To, me kika gani?"

Na so in ce muku ita ta tilasta min. Da ya fi min sauƙi. Amma ni ce na buɗe baki na ce, "Inna, ba zan kai 'yata makarantar da ke mutuwa ba."

Nazuna na kwance rub da ciki tana zane. Ta ɗago kai. "Mama, makaranta ma tana mutuwa?"

"Ke, yi zanenki. Maganar manya ce."

Na nema mata Sabuwa, ƙuri'a ta faɗo a kanta a farkon Disamba. Sunaye ba sa isa hannun makarantu sai bayan sabuwar shekara, don haka na ce wa kaina ina da sauran lokaci, zan gaya masa gobe. Goben nan ta yi ta ja da baya. Inna kuwa ko kwana ba ta bari an yi ba, ta tafi ta sayo takalmin cikin aji, wanda yara ke sauyawa su sa in sun shiga makaranta, farin kyanbas mai roba a kai. Na Tsohuwa jan kai ne, shi Baba ya sa, shi na sa. Na Sabuwa shuɗi.

Ni na rubuta sunanta a dunduniyar kowanne. Ni na zana mata kyanwa a ciki, rabi a na dama rabi a na hagu, don in ta jera su daidai kyanwar ta haɗu, ta san ba ta juya ƙafa ba. Baba ya wuce ya gan ni ina zanen. Ya juya ya koma shago. Tun ranar dai ya daina ajiye min madarar waken soya mai ɗumi da ya saba ajiye min da safe, kuma wannan ya fi min zagi ciwo.

Ana haka Shuhei ya ce yana so ya zo ya gaida iyayena ranar Lahadi. Gaisuwa ta gaskiya, da kwat.

Da safen ranar na farka da saƙonsa.

"Ina kwana. Na goge takalmina sau biyu. Babanki yana shan zaƙi? Na sayo alewar wake."

"Yana sha, in Inna ba ta kallo," na rubuta.

"Tsoro nake ji. Ko ranar da masu duba makarantu suka shigo ajina ban ji haka ba."

Ya haɗo da hoton wani beyar, dabbar nan ta katun, yana zufa. Na rubuta, "Shuhei, akwai maganar da ya kamata ka ji kafin ka zo." Na zuba wa rubutun ido. Na goge. Na tura masa beyar mai ɗaga hannu. Ku zage ni, na yarda.

Gidan kuwa ya kacame. Inna ta goge matakala tun kafin rana ta ɗaga, ta sauya furen da ke lungun falo, ta fito da kofunan shayin da ba a taɓa su sai an yi baƙon kirki. Na saka rigar ulu mai ruwan madara da siket mai ruwan toka har ƙasan gwiwa. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan jan-bakin na miye? Aure ake nema ko rawa za ki?"

"Inna, kaɗan ne fa."

"Goge rabi. Ungo 'yan kunnena na lu'ulu'u. Kuma ki ɗaure gashin nan, kin sake shi kamar wadda ta fito daga ruwa."

Ina ɗaurewa na ce mata a hankali, "Inna, don girman zumunci, kada a yi maganar makaranta yau."

"Ni? Me ya haɗa ni? Ke dai kika riƙe abu a ciki kamar mai ƙwannafi. Ki bari a sa rana tukuna, in ya so ya ji. Namiji in ya riga ya rusuna wa uban yarinya, ba ya janyewa saboda takalmi."

Takalman kuwa tun jajibiri na naɗe su a tawul na cusa can ƙuryar kabad ɗin shimfiɗu, bayan matasan zama na baƙi. Wayo nake ji da shi. Ban tuna cewa ranar baƙo ake fito da matasan baƙi ba, kuma ban ji lokacin da Inna ta ce, "Nazuna, 'yar albarka, je ki ɗauko mana matasai huɗu" ba. Ina kicin ina yanka kabeji.

Ƙararrawa ta kaɗa daf da azahar. Na sauko da gudu, Inna a bayana tana gyara zaman rigarta. Na zuge ƙofa.

Jama'a, ya yi kyau. Kwat mai duhun shuɗi, farar riga, laktaye mai ɗigo-ɗigo da na san aro ne, babbar rigar sanyinsa a ninke a hannu tun daga waje, ledar tsaraba a ɗaya hannun. An yi masa aski har fatar bayan kunnensa ta fito fari. Ya rusuna wa Inna.

"Na zo damunku ranar hutu. Ku gafarce ni."

"Haba Malam, wane irin damu? Shigo, shigo, gidan ne dai ƙanƙane, ga shi ba gyara."

Ya cire takalmansa ya hau dandamali, sannan ya juya ta gefe ya durƙusa don ya juya kawunansu su fuskanci ƙofa, kamar yadda duk mai tarbiyya ke yi. A nan hannunsa ya tsaya.

Na bi idonsa. A gefen silifas ɗin baƙi, an jera su tsaf, ga 'yan fararen takalma biyu masu shuɗin kai.

Gabana ya yanke ya faɗi. Nazuna ce ta ajiye su don Malam ya gani ya yaba. Tana laɓe a matakala tana leƙe, bakinta har kunne.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a durƙushe ba. Na ga ya karanta sunan da ke dunduniya, kuma ya san rubutuna. Sai ya sa hannu ya ɗauki na dama ya mayar hagu, na hagu ya mayar dama, don ta jera su a juye. Kyanwar ta haɗu. Hannun malami ne kawai ya yi aikinsa, ina jin ko shi bai san ya yi ba.

"Kyanwar ta yi kyau," ya ce.

"Mama ce ta zana!" in ji Nazuna daga sama.

"Na gani."

Ya miƙe, ya saka silifas, ya bi Inna. Bai kalle ni ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da ƙofa iska mai sanyi na shigowa, har sai da Inna ta waiwayo ta watsa min harara.

Ba zan iya gaya muku abin da na ci ba. Tukunyar ƙasa na tafasa a tsakiyar tebur, awarar da Baba ya yi da asuba, kifi, kabeji, naman kaza. Shuhei ya miƙa alewar da hannu biyu yana cewa ba wani abin kirki ba ne. Baba ya karɓa da gyaɗa kai. Inna ta yi ta zuba kamar rediyo: sanyin bana, tsadar kabeji, ciwon gwiwar maƙwabciya.

"Malam, ƙara awara mana. Ko ba ta yi ba?"

"Ta yi sosai. Ban taɓa cin mai laushinta ba."

"Ka ji ko, Baban Chinatsu? Ana yabonka ka yi shiru kamar gunki."

"Na ji," in ji Baba.

Nazuna ta gama ta sauka shago wajen kifayenta na kwalba. Ni dai ina ta zuba shayi a kofunan da ba su ƙare ba. Jira nake ya ajiye sandunan cin abinci ya ce ya gode, ya tafi, in ya so in mutu da kunyata ni kaɗai. Har na fara tsara saƙon ban haƙurin da zan tura masa.

Ya ajiye sandunan kuwa. Amma maimakon ya miƙe, sai ya zame daga kan matashi ya koma tsurar tabarma, ya haɗa gwiwoyi, ya dafa hannu biyu a ƙasa a gaban Baba. Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Baba, akwai abin da na shirya faɗa, amma ya canza a bakin ƙofarku."

Na runtse ido.

"Kun san ba a barin malami a makarantar da ɗansa ke karatu. Idan na auri Chinatsu, Nazuna ta zama 'yata. In tana Tsohuwa, dole a ɗauke ni daga can. Na daɗe ba na barci saboda wannan. In bar makarantar a shekarar da ta fi buƙatar kowa, ko in ce wa Chinatsu ta jira ni har Nazuna ta gama. Ban gaya mata ba, don kada in ɗora mata nauyi. Yau na zo ne da niyyar in ce zan nemi canjin wurin aiki. Na zaɓi Chinatsu."

Ya gyara zaman hannayensa a tabarma. Ya ci gaba.

"Sai na ga takalman. Ashe ta riga ni tunani. Ta cire Nazuna daga makarantar da Baba ya yi, da ita kanta ta yi, ta yarda yarinya ta riƙa tsallake gada kullum cikin ruwa da sanyi, don ni kada in bar ajina. Kuma ta ɗauki abin ita kaɗai ba ta ce min uffan ba." Sai a lokacin ya juyo ya dube ni, idonsa ya cika taf. "Ɗaliba ɗaya ta ragu mana, na sani. Zan ƙara bin gidaje. Amma macen da za ta yi min wannan, ban isa in bar ta ba. Baba, ina roƙo ka ba ni Chinatsu."

Ya kai goshinsa har tabarma.

Ku yarda da ni, wannan dokar ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗo min a rai ba. Ko sau ɗaya. Lokacin da nake zana kyanwar nan ba shi nake tunawa ba, wurin ninkayan saman rufi nake tunawa, da matan da ba za su sake ce min 'yar dawo-gida ba. Ga shi ya ɗauki son kaina ya wanke shi tas, ya naɗe a takarda mai kyau, ya miƙo min da hannu biyu. Ban taɓa jin na ƙasƙanta irin na ranar ba, kuma ban taɓa son sa irin na ranar ba.

Inna ce ta fara farfaɗowa. Uwata ba ta barin dama ta wuce ta.

"Ka gani ko, Malam! Ai ni na yi ta ce mata, ke Chinatsu, gaya masa mana. Ta ce a'a, kada ya damu. Haka take tun tana yarinya, komai a ciki." Har da share ido da bakin hannun riga.

Baba bai kalli Inna ba, bai kalli Shuhei ba. Ni ya kalla. Kallon da yake yi wa awara in yana so ya san ko ta kama ko da saura.

"Chinatsu," ya ce. "Haka abin yake?"

Ga ƙofa Baba ya buɗe min. Kalma ɗaya ce. In ce a'a, in faɗi gaskiya, in ɗauki abin da zai biyo baya. Na dubi ƙeyar Shuhei, da askin da ya yi domina, da laktayen aro yana jan ƙasa. Na ji ƙafar Inna tana taɓa tawa a ƙarƙashin tebur.

Na gyaɗa kai.

Baba ya daɗe yana kallona. Sannan ya sauke ido kan kofinsa, ya ce, "Malam, ɗago kanka. In ta yarda, ni ba ni da ta cewa."

Inna ta tafa hannu, ta ce a kawo giyar shinkafar da aka ɓoye tun bikin shekara. Shuhei ya ɗago yana dariya yana goge ido da bayan hannu, yana ta ba da haƙurin kukan da ya yi a gidan mutane. Ya miƙo min kofi in zuba masa, yatsunsa suka taɓa nawa, ya ce ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji, "Na gode, Chinatsu."

Sai muka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a matakala. Nazuna ce, sanye da takalman, ta shigo da su har kan tabarma.

"Ke! Wa ya ce a hau tabarma da takalmi?" in ji Inna.

"Sababbi ne, Kaka, ba su taɓa ƙasa ba." Ta je gaban Shuhei ta tsaya ta haɗa ƙafafu. "Malam, duba. Na sa daidai."

"Kin sa daidai," ya ce, ya shafa kanta. "Kin zama 'yar makaranta."

Ta leƙa fuskarsa, ta ga idonsa ja. Nazuna yarinya ce mai tausayi, ko kifinta ya ƙi cin abinci sai ta yi kuka. Ta dafa kafaɗarsa da ɗan hannunta.

"Malam, kuka ka yi? Don makarantarku za ta mutu?"

"Nazuna, zo nan," na ce. Na miƙa hannu in jawo ta.

"Wa ya ce miki za ta mutu?" ya tambaye ta, har yanzu da sauran murmushi a fuskarsa.

"Mama. Ta ce wa Kaka ba za ta kai ni makarantar da ke mutuwa ba. Shi ya sa aka saya min shuɗi." Ta sunkuya ta shafa kan takalmin. "Kada ka damu, in ta mutu sai ka zo tamu. Akwai wurin ninkaya a sama."

Tukunya na ci gaba da tafasa, ba wanda ya rage wutar. Inna na tsaye a bakin kicin da wata kwalbar a hannu. Baba ya rufe idonsa.

Shuhei ya ajiye kofin da na zuba masa, a hankali, ba tare da ya sha ba. Ya gyara zaman gwiwoyinsa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da na ji sauƙi. Ladabi ne kawai, irin wanda ya shigo da shi shagonmu ranar farko.

"Maman Nazuna," ya ce, "haka kika faɗa?"